Irin Geron Baba

Baba ba ya nan. Ya rasu da rani, ya bar mu mu uku a gidanmu na unguwar Zariya: ni da Inna da ƙanena Ɗan'auta. Ya bar sungumi a bayan ƙofa. Ya bar tiya biyu na irin gero cikin tulu, an liƙe bakinsa da laka.

Irin nan ba na kasuwa ba ne. Kowace kaka Baba yakan zaɓi zangarniya mafi kyau da hannunsa. Geron yana nuna da wuri, ko damina ta gajarta.

Shekarata goma sha biyu a lokacin. Malamai suna yajin aiki, lakwal, wato makarantarmu, a rufe, ina gida kullum.

Wata Laraba da la'asar aka yi ruwan farko. Muka fita tsakar gida muna tsalle. Washegari Inna ta shirya zuwa Jiratawa sayo tumatir da albasa, waɗanda take sayarwa a kasuwa.

Na ce, "Inna, yau za a yi shuka?"

Ta ce, "A'a. Wannan ruwan wanke ganye ne. Kar ka taɓa tulun nan."

"Ai na ga mutane suna tafiya gona."

"Su tafi. Na dai faɗa maka."

Tana fita na dubi sungumin. Na tuna yadda Baba yake saɓa shi a kafaɗa. Na so Inna ta dawo ta tarar akwai namiji a gidan.

Na fasa lakar, na juye irin duka a ƙwarya. Ɗan'auta ya zaro ido.

"Yaya, duka?"

"Duka. Kai dai bi ni."

Gonarmu ƙarama ce, tana kan hanyar Tibiri. Ina sara da sungumi, Ɗan'auta yana zuba iri yana rufewa da diddige. Kafin la'asar ƙwarya ta zama wayam.

Da Inna ta dawo ta leƙa tulun. Ba ta doke ni ba. Zama kawai ta yi a bakin ƙofa.

Gero ya tsiro, kore shar. Na fara murna. Daga nan sama ta bushe. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku, ko ɗigo. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har aka ƙara wa guga igiya. Tsiron ya yi ja, ya kwanta, iska ta binne shi da yashi.

Ina tsaye a gonar ina kuka sai malamin ajinmu, Mushe Idirisa (Mushe muke ce wa malamai a lakwal), ya tsayar da kekensa. Na gaya masa komai.

Ya ce, "Ka tona ƙasar kafin ka shuka?"

"A'a, Mushe."

"Mahaifinka kuwa yana tonawa. Na sha ganinsa. In laima ba ta kai tsawon tafin hannu da wuyansa ba, sai ya koma gida. Damina ta canza, yaro. Da muna yara ruwa na bin ruwa, gulbi ya daɗe yana gudu. Yanzu sai a yi na farko, na biyu ya yi wata bai zo ba."

Na ce, "To irin Baba ya ƙare ke nan?"

"Tambayi innarka."

Da na koma gida na tambaye ta, Inna ta ce, "Kowace shekara babanku yana kai wa ƙanwarsa Safiyatu iri a Tibiri. Ka je. Amma da bakinka za ka faɗa mata abin da ka yi."

Na tafi a ƙasa, ina ta shirya magana a hanya. Na tarar da Gwaggo Safiyatu tana daka. Na gaishe ta, na faɗi komai, kaina a sunkuye.

Ta ajiye taɓarya. "Iye! Sarkin noma da kansa! Tiya biyu a ruwan wanke ganye?"

Ta yi dariya har da hawaye. Sai ta goge ido ta ce, "Babanka ma ya taɓa yi yana kamarka. Daga ranar ya fara raba irinsa gida biyu."

Ta shiga ɗaki ta fito da tiya ɗaya cif. Geron Baba ne, na gane launinsa.

"Ungo. Rabi ka shuka, rabi ka ɓoye. Ka ji ko?"

"Na ji, Gwaggo."

Bayan kwana tara aka yi ruwa mai yawa. Muka je gona da Inna. Na durƙusa na tona. Laima ta wuce wuyan hannuna.

"Inna, ta kai?"

Ta taɓa ramin ta yi murmushi. "Ta kai. Ɗauko sungumin babanka."

Geron ya yi. Da kaka na zaɓi zangarniya da hannuna, na kai wa Gwaggo nata.

Yara, ku ji maganar iyayenku. Kar ganin mutane suna gaggawa ya sa ku gaggawa. In an yi ruwa, ku duba ƙasa tukuna, kuma kar ku juye iri duka rana ɗaya.

Ku taya ni addu'a. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu damina mai albarka, ya cika rijiyoyinmu. Ku ce amin.