Sallamar da Haladu Ya Ƙi Amsawa

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Anas, in ka san za ka yi fitsarin kwance tashi tun yanzu ka shige ɗaki, don ni Asabe ba na wanke tabarmar kowa. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce. A kan ƙanena Haladu ya faru. Ku yayanku ne, amma rabonku da shi tun kuna goye, kafin Baffa ya kwashe ku zuwa Jos.

Haladu malamin firamare ne, lafiyarsa ƙalau, sai ciwo ɗaya: tsuntsaye. Ba kiwo ba fa, ba kuma harbi ba. Kallo! Mutum da hankalinsa ya sayar da babur ya sayo kyamara mai dogon baki kamar taɓarya, da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai. Ranar da babu makaranta sai ya shige fadama tun asuba, ya dawo jiki duk cizon sauro, ya turo mini waya a fuska.

"Yaya, kalli wannan zalɓen."

"Na gani. Ana miya da hoto ne?"

Ko a jikinsa. Dariya kawai yake yi.

Suna da ƙungiya ta masu irin ciwonsa, a waya suke haɗuwa, kowa ya tura abin da ya ɗauko. Wata rana Haladu ya faɗa musu ya ga gauraka a fadamar Tudun Zalɓe, can bayan Nguru. Ba ku san gauraka ba ko? Dogon tsuntsu ne, yana da tukku ruwan zinariya a tsaye a kansa. Tsofaffi sun ce da can har gonar shinkafa yake sauka, yanzu kuwa sai labari. Ranar da Haladu ya gan shi batirin kyamara ya mutu. Akwai wani Injiniya Bashari, shi ne babba a ƙungiyar, ya ce, "Malam Haladu, ina hoto?" Babu. Ya ce, "To in babu hoto, belbela ka gani ta faɗa taɓo." Aka yi ta dariya. Daga ranar duk wanda ya shara ƙarya a cikinsu sai a ce ya ga gaurakan Haladu.

Abin ya ci masa rai ba kaɗan ba. Ƙanena yana da taurin kai, yana da gardama, amma ba ya ƙarya, kuma ba ya son a jingina masa ita. A tsakar gidan nan ya tsaya ya ce, "Wallahi sai na kai musu hoton nan." Na ce kai ka sani.

Tudun yana tsakiyar ruwa, sai da kwalekwale ake zuwa. Mai kai shi wani tsohon masunci ne, Baba Gwadabe, mutumin kirki, amma bakinsa ba ya hutawa. In bai yi tari ba zai yi hira, in bai yi hira ba zai yi waƙa. Damina ta wuce suna zuwa suna dawowa hannu banza. Yau shanu su keto ruwa su watsa komai, gobe hadari ya rufe haske, jibi raɓa ta lulluɓe gilashin kyamara. Haladu ya rame, ya zama mafaɗaci, ko matarsa Hansai tsoron yi masa magana take.

Sai rannan gauraka ya sauka. A gabansu. Haladu ya saita, ya riƙe numfashi, yatsa yana kan maɓalli. Daidai nan wani masunci ya gifta can nesa, Baba Gwadabe ya buɗe maƙogwaro.

"Ɗan'azumi! Sannu da aiki! Ya ruwa?"

Fir! Tsuntsu ya tashi. Abin da ya fito a hoton, ciyawa ce da bakin fiffike.

Haladu ya ce saura kaɗan ya yi kuka. "Haba Baba! Dole sai ka gaishe shi?"

"To mutum ya wuce in yi masa shiru? Ni dabba ne?"

Nan Haladu ya yanke shawarar da ta kai shi ta baro. Ya ce daga yau a sauke shi a tudun shi kaɗai, a dawo a ɗauke shi da magariba.

Walida, daina motsa ƙafar nan. Yanzu aka zo wurin.

Bayan azahar Baba Gwadabe ya ajiye shi ya juya. Haladu ya yanko kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ya haɗa 'yar bukka ya shige. Bakin kyamara kaɗai ke waje. Masu wannan harka suna da doka: in ka shiga maɓoya ka zama gawa. Ba magana. Ba tari. Sauro ya cije ka, ka bar shi ya ƙoshi.

Ya zauna. Rana ta karkata. Ya yi la'asar a zaune, ya ci gaba da jira.

Can sai kwaɗi suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki. Akwai wani tsuntsu a fadama, zakaran ƙeƙuwa, ko kare ya gifta sai ya cika wuri da ihu. Shi ma ya yi tsit. Iska ta tsaya. Haladu ya lura, amma murna ya yi, wai wuri ya yi daɗi.

Sai ga gauraka. Ya sauko a hankali ya dira bayan wani cincirindon ciyawa. Kansa a ƙasa, yana kiwo. Taku kaɗan ya rage ya fito fili. Hasken yamma ya kwanta a ruwa yadda ake so. Haladu ya ɗora yatsa.

"Salamu alaikum."

A bayansa. Murya ta tsoho, a kwance, ba gaggawa.

Haladu bai ji ƙarar kwalekwale ba. Bai ji takun kowa a ruwa ba. Amma ba wannan ya zo masa a rai ba. Abin da ya zo masa shi ne, wani Gwadaben kuma! Ya dafe baki ya ƙi motsi.

"Salamu alaikum."

Yanzu muryar daga dama ta fito. Ya saci kallo ta gefen ido, sai ya ga mutumin a hagu. Dogon tsoho, siriri, da riga ruwan toka har ƙasa. A cikin ruwa yake tsaye, amma rigar a bushe take. Haladu ya ɗora yatsa a leɓe, ya yi masa alama da hannu, irin yadda ake korar kaza.

Ku ji fa. Dattijo ya yi maka sallama, ka kore shi da hannu.

"Salamu alaikum."

Ta uku ke nan. Haladu ya ja tsaki.

Tsohon ya ce, "Samari, ba ka ji ba ne?"

Haladu ya yi raɗa, haƙora a cije. "Baba, don girman Allah yi shiru. Za ka korar mini tsuntsu."

"Tsuntsu ya fi sallama?"

"Yau dai ya fi."

Gauraka yana nan yana kiwo.

"Me kake nema a wurinmu?"

"Ba na neman komai. So nake kada a ji motsina, kada a ji muryata, in yi abin da ya kawo ni in tafi."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji tsohon. "Na ba ka."

Ya tattare rigarsa zai tafi. A nan Haladu ya ga ƙafafun. Sirara, baƙaƙe, babu tsoka ko kaɗan. Gwiwar baya take lanƙwashewa. Yatsu uku dogaye a gaba. Yana ɗaga ƙafa yana saukewa, ruwan ko rawa bai yi ba. Ya shiga cikin kacala, ciyawar ba ta buɗe masa ba, ba ta kuma rufe ba.

Haladu ya zabura, gwiwarsa ta bugi ƙarfen kyamara, ƙarfe ya daki gorar ruwansa, gora ta faɗa ruwa, funjum! Ya ce shi ke nan, tsuntsu ya tafi.

Gauraka ko kai bai ɗaga ba.

Haladu ya yi tari. Bai ɗaga ba. Ya rusa bukkar ya miƙe tsaye. Bai ɗaga ba.

To ku gaya mini, mai hankali me zai yi a nan? Ba addu'a zai kama ba, ya nemi hanyar gida? Wannan ɗan taurin kan kyamara ya ɗauka! Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ya zagaya ta bayan tsuntsun, yana taka ruwa facal facal, har ya zo inda in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Ya yi ta ɗauka. Tukkun, da jan kumatun, da ƙwayar idon. Ya ce tunda yake bai taɓa jin daɗi irin na lokacin ba, har tsoron ya manta. Sai da haske ya ƙare tsuntsun ya tashi don kansa.

Almuru ta kawo jiki. Sai ga muryar Baba Gwadabe daga bayan ciyawa.

"Malam Haladu!"

"Ga ni nan, Baba!"

"Malam Haladu!"

"Na ce ga ni!"

"Ikon Allah. Ina yaron nan ya shiga?"

Tsakaninsu bai fi daga nan zuwa rijiyar can ba, kacala ce kawai ta raba su. Haladu ya ƙwala ihu har maƙogwaronsa ya yi zafi. Ya tafa hannu. Ya buga ƙarfe da ƙarfe. Baba Gwadabe ya zagaya, ya sake kira, ya yi salati, sannan Haladu ya ji ƙarar filafilin tuƙin kwalekwale tana nisa. Duhu yana sauka. Kwaɗin har yanzu ba su dawo da kuka ba. Kuma can cikin ciyawa, ta inda tsohon ya shige, wani abu dogo yana tsaye.

Haladu ya ɗora kyamara a ka ya faɗa ruwa. Ruwa har ƙirji, taɓo yana riƙe masa ƙafa, kacala tana yankar fuska. Bai waiwaya ba. Da ƙyar ya ɓullo ta gaban kwalekwalen ya kama bakinsa. Baba Gwadabe ya kalle shi ido cikin ido, sai a lokacin muryar Haladu ta shiga kunnensa.

"Kana nan ina ta kira ka yi mini shiru? Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

Haladu ya hau ya kwanta a cikin jirgin yana rawar sanyi.

Washegari ya tura hotunan. Na gan su da idona, ni da ban damu da tsuntsu ba sai da na ce masha Allah. Ya zauna yana jiran a ba shi haƙuri. Sai Injiniya Bashari ya ce, "Hoto ya yi kyau. A wane gidan zu ka ɗauka? Gaurakan daji ba ya barin ɗan Adam ya matso haka." Sauran suka bi bayansa. Haladu ya buga masa waya zai yi rantsuwa. Ina zaune a wurin. Idona cikin nasa ina jin abin da yake faɗa, amma can ɗaya gefen sai "Alo? Alo? Wa ke magana?" Aka kashe. Kafin yamma sun cire shi daga ƙungiyar, wai ya kawo musu hoton ƙarya.

Kun ga abin haushin? Da babu hoto, maƙaryaci. Da hoto, babban maƙaryaci.

Tun daga ranar, in ba idonka yana cikin nasa ba, ba ka jin Haladu. Ba muryarsa, ba takunsa, ba ƙwanƙwasa ƙofarsa. A aji in ya juya zai yi rubutu a allo sai yara su ga malam ya yi shiru, dole ya bar koyarwa. 'Yarsa ta taɓa nufar murhu da rarrafe, yana bayanta yana ihu, Hansai tana wanke-wanke ba ta ji komai ba, sai da ya yi tsalle ya fizge yarinyar. Mun kai shi wurin malamai, ya sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi sauka. Wani malami ya ce bashin sallama ne, ya koma ya amsa. Muka tara maza aka raka shi tudun. Ya tsaya cikin ruwa yana "Wa alaikumus salam! Wa alaikumus salam!" yana kuka kamar yaro. Tsuntsaye suna kiwo a gefen ƙafarsa, ko ɗaya bai tashi ba. Ba wanda ya fito.

Don haka ku buɗe kunne. Duk wanda ya ce ku zo a je fadama kallon ruwa, hanyar Tudun Zalɓe ba a bin ta mutum ɗaya, ko da rana tsaka. In kuma aka yi muku sallama a daji, ku amsa tukuna, kafin ku duba ko waye.

Shi Haladu yanzu ba ya shiga gidan kowa sai an amsa masa. Na yi faɗa har na gaji, na ce gidan ubanka ne, ka shigo kawai. Ya ƙi. Sai ya tsaya a ƙofa yana ta sallama, yana ta yi, har Allah ya sa wani ya fito ya gan shi. Rannan ruwan sama a kansa ya fara, a kansa ya ƙare, muna ciki muna hira.

Bayan isha yakan zo gaida Inna. Ku tashi ku biyu ku leƙa ƙofar gida. In kun gan shi a tsaye, kada ku tambaye shi tun yaushe ya zo. Ku dai amsa masa.