Furanni a Watan Zubar Ganye

"To wa zai koyar da ita? Kai?"

Haka Maren ta jefo min tambayar daga ƙofar kicin, tana juya zoben da saurayinta Fergus ya sa mata.

"Ni mana! Ba ni ne ubanta ba?"

"Baba, ko sunan bukukuwan shekara ba ka sani ba!"

"Zan koya..."

"Yaushe? Tsakanin feshi da tsinkar tuffa?"

Maren ce babbar 'yata. Tun da mahaifiyarsu Bronwyn ta rasu, ita ta ɗauki karatun ƙanwarta Tamsin mai shekara biyar, a gida, yadda uwar ta faro. Bronwyn mai bin tsohuwar hanya ce, ta masu girmama ƙasa da wata da juyawar shekara. Ba benci, ba ƙararrawa. Ƙirga da duwatsun bakin kogin Huon, haruffa da tsinkaye, kowane yanayi da bikinsa. Ni ban taɓa hana ta ba, ban kuma taɓa zama na saurara ba. Kullum ina gona.

Ga shi Fergus ya samu aiki a gonar kifi a Kanada, yana so su yi aure su tafi tare.

"Na yi wa Mama alkawari," in ji Maren. "Tamsin ba za ta shiga aji ba sai ta kai bakwai."

"Ba ni wata ɗaya, 'yata. Ki je birnin Hobart ki yi shirinki. In na kasa, ba zan ƙara buɗe baki ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyaɗa kai.

Na sayo littafi ta intanet daga Amurka, ƙato mai hotuna, an tsara wa yara irin Tamsin aikin kowane mako. Na buɗe watan Afrilu. Wai a shuka iri a ɓawon ƙwai, a nemo sheƙar tsuntsu, a gaishe da furen farko.

Ina ganin ganye yana zuba. Ina ganin raɓa ta daskare a ciyawa da safe. Amma na ce masu ilimi ne suka rubuta, wane ni da na bar makaranta tun ina saurayi?

"Baba, Maren cewa take mu tara jajayen ganye."

"Yanzu littafi muke bi, autata."

"Amma irin nan ya ƙi fitowa..."

"Zai fito. Ƙara masa ruwa."

Ranar ɗaya ga Mayu littafin ya ce babban biki ne na furanni. Na kafa sanda a tsakar gida, na ɗaura mata ƙyallaye kala-kala. Babu fure ko ɗaya a lambunmu, sai da na je kanti a garin Huonville. Na kira Maren na ce su zo su gani da idonsu.

Da la'asar motar Fergus ta shigo. Tamsin na tsaye jikin sandar, kambin furanni a kan hular sanyinta, tana rawar ɗari.

"Neville!" Fergus ya fashe da dariya. "Aure za ka ƙara ba ka gaya mana ba?"

Sai ya ga fuskar Maren, dariyar ta tsaya. Ta fito daga motar rungume da kwanon miyar kabewa, irin wadda uwarta ta fi so.

"Baba... mene ne wannan?"

"Bikin furanni! Duba, komai na yi yadda aka rubuta."

"Yau ranar mamata ce, Baba! Yau ake barin ƙofa a buɗe, a ajiye wa Mama kujera da faranti!"

Bara ban zauna ba. Rumfar tuffa na tafi, don ba zan iya kallon kujerar ba.

"Amma littafin ya ce..."

"Na mutanen arewacin duniya ne! Su bazara ce ke shigo musu, mu nan kudu kaka ce! Haba Baba, kai da ka gama tsinkar tuffa da hannunka?"

Tamsin ta dube ni, ta dubi yayarta.

"Mama ta zo ba ta samu wajen zama ba?"

"A'a, ƙanwata..."

"Ta koma? Ta yi fushi da ni don ina rawa?"

Ta fizge kambin ta yar, ta fashe da irin kukan da ban ƙara ji ba tun ranar da muka binne uwarta. Na miƙa hannu, ta wuce ni ta faɗa jikin Maren.

Maren ta ɗauke ta suka shiga gida. Ta jawo kujera, ta zuba miya, ta kunna kyandir, ta buɗe ƙofa. Ta yi ta rarrashi har Tamsin ta fara ba wa kujerar labarin irinta da ya ƙi tsirowa.

Ina kwance ƙyallayen na jiyo Fergus da Maren a bakin shinge.

"Masoyiyata, kuskure ne kawai! Zai gyara!"

"Na sani, Fergus. Amma ka ga wa ta kama."

"To zan jira. Shekara biyu ce, na yi miki alkawari..."

"Kada ka yi min alkawari! Na san nauyinsa."

"Maren, ke ce rayuwata..."

"Ka tafi, don ina sonka nake cewa ka tafi. Ba zan riƙe ka a nan kana ƙirga min kwanaki ba."

Ta zare zoben ta sa a tafin hannunsa, ta naɗe masa yatsu a kai.

Na yar da ƙyallayen na nufe su da gudu.

"'Yata, kar ki yi! Ki ƙara min wata ɗaya! Zan ƙone littafin!"

"Ka ce ba za ka ƙara buɗe baki ba, Baba."

A hankali ta faɗa, ba da faɗa ba. Da ma zagina ta yi.

Ranar tafiya ni na kai Fergus filin jirgi, don Maren ta ce ba za ta iya ba. Da zai sauka ya riƙe kafaɗata.

"Ba laifinka ba ne, Neville."

"Na wa ne to?"

Ya ɗauki jakarsa ya shige.

Na dawo na tarar da 'ya'yana ƙarƙashin bishiya, sun tara busassun ganye. Muryar Maren wasai take saboda yarinyar, idanunta kuwa sun kumbura.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, 'yata."

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a kan ganyen. Tamsin ta taɓa kumatunta.

"Maren, me ya sa kike kuka?"

"Sanyi ne, ƙanwata. Ci gaba... ganye nawa muka samu?"