Kukan Maruƙa Ashirin

"Kwanta! Fuska a ƙasa!"

Mai Tatsa bai kwanta ba. Ya ajiye bokitin da yake wankewa, ya ɗaga hannuwa sama. Tsakar rana ce, kuma babu kowa a gidan gonar sai shi. Manaja ya tura sauran ma'aikata ɗauko dusa, ya kuma aiki mai gadi cikin gari da wata takarda.

Su uku ne. Tsatsa, ogansu, da bindiga a kafaɗa. Kwalba, wanda ko da rana idonsa jawur yake. Sai Birki, direbansu, wanda ya riga ya juyo da babbar mota baya-baya zuwa bakin shinge, ya sauke katakon hawa.

Suka faɗa garke da sanduna. Duka ta ko'ina — shanu suka watse, wata ta tunkuyi Kwalba ya faɗi zaune cikin kashi. Minti goma, ko ɗaya ba ta hau mota ba.

"Oga, waɗannan ba sa jin magana," in ji Kwalba yana goge wando.

Tsatsa ya sa wa Mai Tatsa bakin bindiga a ƙeya. "Kai ka san su. Zaɓo mana ashirin, masu tsada. Ka yi mana wasa, in fasa kanka."

Mai Tatsa ya dubi garken, ya dubi ɗan kejin da ke can gefe. A gidan gonar, bayan tatsar safe ana raba maruƙa da iyayensu, a kulle su sai yamma. Ya yi fito sau biyu. Wata jar saniya mai karyayyen ƙaho, wadda yake kira Uwar Garke, ta taho ta hau katako kamar ɗakinta za ta shiga. Ya riƙa kiran sauran ɗaya bayan ɗaya, manya, masu cikakkiyar hantsa.

Kwalba ya washe baki. "Dubi nono, Oga. Mun warke."

Wayar Tsatsa ta yi ƙara. Hannunsa na riƙe da bindiga, sai ya sa ta a bayyane. Murya ta ce, "Ku yi sauri, masu dusa sun kusa juyowa." Mai Tatsa ya ɗago kai. Shekara bakwai wannan murya tana yi masa tsawa kullum safiya. Tsatsa ya ga yadda ya ɗago kan.

"Hau," ya ce masa. "Dama muna bukatar mai ba su ruwa."

Ni direban motar madara ne, kullum da safe nake zuwa gonar nan ɗaukar kaya. Abin da ya faru a wajen 'yan fashin, daga bakin Kwalba na ji shi a gaban alƙali. Abin da ya faru cikin gari kuwa ba sai an ba ni labari ba, da bakina a ciki.

Kafin la'asar an gama yanke wa Mai Tatsa hukunci a shagon aski. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ga jini ba, shanu ashirin sun tafi, Mai Tatsa ya tafi. Me ya rage?

"Mutumin da ba ya magana ai abin tsoro ne," in ji wanzami, yana aski yana juyowa.

Mai faci ya ce shi ya taɓa ganinsa a tasha da wasu baƙin fuskoki. Wata mai shago ta ce matarsa ta yi sabon zane watan jiya, a ina ta samu? Manaja ya shigo da kansa, ya zauna yana dafe da kai, ya ce ya daɗe yana zarginsa, kunyar iyalinsa ce ta hana shi magana. Kowa ya ce Allah sarki Manaja.

Ni ma da aka juyo aka dube ni, tunda ni ke zuwa gonar kullum, sai na ji bai kamata a ce ba ni da abin faɗa ba. Na ce, "Ni dai kwanan nan na gan shi da sabuwar waya, irin mai tsadar nan." Shagon ya ɗauka gaba ɗaya. Kafin magariba wayar ta zama biyu, har da babur da aka ce ya ɓoye a gidan ƙaninsa. Abin ƙyama, mutane suna cin naman mutum suna lashe baki, ba wanda ya ce bari a tambayi ko yana da rai.

Matarsa kaɗai ta tambaya. Na same ta a ofishin 'yan sanda, an kira ni in maimaita zancen waya. Tana tsaye gaban Sufeto, goye da 'yarta.

"Ranka ya daɗe, ka je ka saurari gonar nan," ta ce. "Maruƙa ashirin ke kuka. Duk shanun da aka ɗauka masu shayarwa ne."

"To sai me?"

"Wanda ya san shanu, in sata zai yi, bijimai zai kwasa, su ba sa kuka. Mai shayarwa in ta rasa ɗanta ba ta yin shiru, ana jin ta daga nesa. Baban yarinyar nan ya fi kowa sanin haka. Da gangan ya zaɓe su, don a ji inda aka kai shi. Ku bi hanyoyi ku tambaya inda ake jin kukan shanu."

Sufeto ya yi dariya. "Malama, ke za ki koya mana aiki? Faɗa mana inda kuka shirya haɗuwa kawai."

Ta kwana a bayan kanta da goyonta. Motar 'yan sanda ɗaya tilo aka tura tasha da gidan ƙaninsa, neman babur ɗin da babu shi. Da aka sake ta da safe, Manaja ya aiko mata cewa ta kwashe kayanta daga ɗakin ma'aikata nan da kwana uku.

Su Tsatsa kuwa suna wata tsohuwar masana'antar bulo da aka daina aiki a cikinta, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, garin siminti ko'ina. Wurin ɓuya ne mai kyau, in da abin da ka ɓoye zai yi shiru.

Tun yammar farko shanun suka fara kuka. Ɗaya ta ɗauka, sha tara suka amsa. Hantsa ta kumbura, nono na ɗiga, kowacce ta juya fuska wajen da aka baro ɗanta tana kuka. Kwalba ya dake su, suka ƙara. Birki ya toshe kunne da tsumma.

Washegari da hantsi dillalin da zai saya ya iso. Ko daga kan babur bai sauka ba.

"Wane jakin ne ya zaɓo muku waɗannan?" ya ce. "Tun daga kan titi nake jin su. Masu shayarwa kuka kwaso kuka baro 'ya'yan? Ni ba na sayen ƙararrawa." Ya juya ya tafi.

Tsatsa ya juya a hankali ya dubi Mai Tatsa, wanda ke zaune jingine da bulo, hannuwa a ɗaure. Ya kira Manaja.

"Mutuminka ya cuce mu."

"Wane mutumin? Yana wajenku? Ku mahaukata ne? Ya ji muryata?"

"Ya ji."

"To kada ya dawo. Nan gari kowa ya yarda shi ne ɓarawon. Ku bar shi a haka."

Mai Tatsa ya ji komai. Abin da ya ce kawai shi ne, "In kuna so su yi shiru, ku kwance ni in tatse su. Ciwo ke damunsu."

Birki ya ce, "Oga, bar shi ya yi, kaina zai fashe. In ya gama sai a san yadda za a yi da shi."

Suka kwance shi. Ya cire igiyar dabaibayi da ke ɗaure a ƙugunsa, wadda yake ɗaure ƙafar saniya da ita lokacin tatsa. Ya tatse ɗaya a ƙasa, ya tatse ta biyu, yana matsawa wajen ƙofa. Dillali bai ja ƙofar ta rufu ba da zai fita, kuma ba wanda ya kula. Da ya zo kan Uwar Garke bai ɗaure mata ƙafa ba. A wuya ya ɗaura mata igiyar. Ya sa kafaɗa ya ture ƙofa, ya mari cinyarta, ya yi fito.

Ta fita a guje.

"Ƙofa! Birki, ƙofa!"

Birki ya yi tsalle ya danne ta kafin sauran su bi. Kwalba ya ɗaga bindiga — saniyar ta riga ta shiga daji. Ya juyo da ita kan wanda ke tsaye a gabansa, nono na ɗiga daga yatsunsa. Harbi biyu. Suka ja shi bayan tarin bulo, suka rufe da buhunan siminti.

A daidai wannan lokacin, mu a shagon aski, muna gardamar ko ya tsallaka iyaka ko yana otal da wata mace.

Safiya ta uku na je gonar ɗaukar ɗan abin da aka samu. Matar Mai Tatsa na ɗaure kaya a ƙofar ɗaki. Sai maruƙan suka ruɗe gaba ɗaya. Na juya, ga jar saniya a bakin shinge, kofato na jini, tana numfashi da ƙyar. Ta wuce mu kai tsaye zuwa keji, ta sa baki ta cikin katako tana lasar ɗanta.

Matar ta saki ƙullin kayan. Ta je ta kama igiyar da ke wuyan saniyar, ta daɗe tana kallon ƙullin.

"Igiyarsa ce," ta ce. "Ba ya rabuwa da ita."

Na shafa bayan saniyar, hannuna ya fito fari fat. Na shinshina. Siminti. Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyoyin nan, wuri ɗaya na sani da saniya za ta yi birgima cikin siminti.

Wannan karon Sufeto bai yi dariya ba. Mota biyu muka tafi, ni a gaba ina nuna hanya, Manaja a baya, wai zai shaida shanun maigidansa. Tun kafin mu bar titi muka fara jin kukan. Wata mai sayar da itace a bakin hanya ta ce yau kwana uku ke nan ba su yi barci ba, ta yi mamaki ba wanda ya zo tambaya.

Birki ne ya fara hango mu. Ya tada mota, ya banke ƙofar ƙarfe, ya bar abokansa a tsaye da baki buɗe.

"Birki! Ɗan iska, tsaya!"

Bai tsaya ba, sai da harsashi ya fasa masa taya ya kifa cikin rami. Tsatsa ya buɗe wuta daga bayan bulo — 'yan sanda suka amsa — shanu suka ɓarke ta ƙofar da ta faɗi, suka bi ta kansa. Kwalba ya jefar da bindiga, ya kwanta yana rantsuwa shi ɗan rakiya ne. Ko minti biyar ba a yi ba.

Kwalba ne ya nuna buhunan. Da aka ɗaga su na kau da kai, na yi amai a gindin katanga.

Manaja ya matso yana salati da ƙarfi. "Kun gani? Rabon ganima ne ya haɗa su, suka kashe shi."

Kwalba ya ɗago daga ƙasa, ankwa a hannu. Murya kawai ya sani, bai taɓa ganin fuskar ba. "Ranka ya daɗe," ya ce wa Sufeto, "ɗauki wayar Oga ka kira lambar ƙarshe."

Sufeto ya zaro wayar daga aljihun gawar Tsatsa, ya danna. Aljihun Manaja ya ɗauki kiɗa.

Ga abin da aka samu. Tsatsa ya mutu. Birki ya rasa ƙafa. Kwalba da Manaja suna gidan yari. Shanu sha bakwai suka koma ga 'ya'yansu, uku harsashi ya ci. Likita ya ce Mai Tatsa ya yi kwana ɗaya cur da rai a wurin nan bayan harbin, yana sauraron kukan da ya shirya don mu ji, mu kuma muna neman babur.

Da yammar ranar da aka gano gawar na leƙa shagon aski. Wanzami na cewa shi dama bai taɓa yarda ba, mutum mai kunya irin wannan. Mai faci ya ce tun farko idon Manaja bai yi masa ba. Bakunan nan dai, ko kurkure su ba a yi ba. Na ji kamar in tofa musu yawu, sai na tuna nawa bakin.

Na je yi wa matar gaisuwa. Maigidan gonar ya ce ta ci gaba da zama a ɗakin, amma ƙullin kayanta na nan yadda ta ɗaure shi. Ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba. Da na miƙe zan tafi ta ce, "Direba, dakata."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar tsohuwar waya mai maɓallai, fuskarta a tsage, an ɗaure bayanta da roba.

"Ga wayarsa. Ranar ma a gida ya bar ta tana caji. Wacce ce sabuwar da ka gani?"

Babu wata waya. Ban taɓa ganin komai ba.

Ta sa mini ita a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai. "Tafi da ita shagon aski," ta ce. "Ka nuna musu."

Har yau tana cikin aljihun motata. Ban kai ta ba.