Jan Fenti a Kan Tsumma

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Laraba, daidai lokacin da mutanen Ostuni ke tashi daga barcin rana suna ɗaga ƙofofin shaguna, Donna Titina ta shigo ofishin Sufeto Oronzo Semeraro cikin baƙaƙen kayan da ba ta cire ba tun rasuwar mijinta. A bayanta ga ɗan ƙanwarta Gaspare, mai wurin wankin motoci a bakin gari, gashi ya sha mai, sai ƙamshi yake zubawa.

Babur ɗin marigayin aka sace yau da tsakar rana. Ja ne, ya haura shekara hamsin, fentinsa ya koɗe ya koma kalar bulo. Ta kai shi shagon tsoho Mastro Cataldo, mai goge babura, ya goge mata, don ranar Lahadi limamin coci zai sa wa baburan gari albarka a dandali, kuma tana so a ga na mijinta a sahun gaba.

Gaspare bai bari ta dasa aya ba. Ya ce ba a fasa kwaɗo ba, ba a ɓalle ƙofa ba, to wa ya rage? Tsohon ne ya sayar wa masu tara tsofaffin babura, a rubuta kawai.

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Shekara arba'in da biyar Mastro Cataldo yana goge babura a garin nan, ko ƙusa ba a taɓa cewa ya ɗauka ba. Babur ɗin Sufeto na farko ma shi ya goge. Amma ƙara ƙara ce: in babur bai fito ba, da hannunsa zai sa wa tsohon ankwa a gaban 'yan unguwa.

Ya dubi Gaspare. "Kai ina kake da tsakar rana?"

"Ina Brindisi, Sufeto, wajen sayo sabulun mota. Yanzun nan na dawo."

Sufeto ya tarar da Mastro Cataldo a shagonsa zaune a kan akwati, ya ƙura wa ɗigon baƙin mai ido, inda babur ɗin ya kwana uku. Labari ya riga ya zaga. Maƙwabtan da suka saba tsayawa gaisuwa sai wucewa suke, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

A kan tebur ga tarin tsummoki, duk sun yi jajawur. Sufeto ya ɗaga ɗaya ya tambaya ko yanka aka yi a shagon. Tsohon bai yi dariya ba.

"Oronzo, har ka yi furfura ba ka san wannan ba? Fentin da ba shi da rufi a samansa. Kana gogawa mataccen yana bin tsumma, mai rai yana fitowa. Na yanzu kuwa an fesa masa wani rufi kamar gilashi, ka goga har gobe, tsummanka fari zai fito."

Ya ce kwana uku ya yi a ɓangaren hagu na tankin kaɗai, da hannu, gaba da baya, ba ya zagayawa. Inji kam bai taɓa shiga shagonsa ba, don a bakin tanki fentin bai fi ɓawon albasa kauri ba. Makullin shagon biyu ne: ɗaya a aljihunsa, ɗaya a rataye a shagon kofi na Nunzia, inda rabin layin ke ajiye nasu.

A shagon kofi, Nunzia ta rantse ba ta ga kowa ba, ta ci gaba da wanke kofin da ya riga ya fita tas. Sufeto bai matsa ba. Ya leƙa bayan kantar shagon, inda ƙusoshi ke jere, kowace da sunan mai ita. Ƙusar Cataldo ba komai a kanta. Makullinsa yana kan ta wanzami.

"Nunzia, shekara ashirin kina rataye makullan nan. Kin taɓa kuskuren ƙusa?"

Ta ajiye kofin. Ta ce ita fa ba ta son shiga tsakanin dangi, amma wajen ƙarfe biyu, ta sauke ƙofa rabi, Gaspare ya sunkuyo ya nemi ƙanƙarar lemo, sai da ta shiga ciki ta ɗebo masa. Da ƙarfe uku ya sake dawowa, wai ya manta tabarau.

Ashe Brindisi ta matso kusa haka! Sufeto ya ɗauki Mastro Cataldo da kofur ɗaya, suka nufi bakin gari.

Gaspare ya tarbe su da fara'ar da ta yi yawa, yana ta tayin kujera. Sufeto bai zauna ba. Idonsa ya sauka a kan injin goge mota da aka jingine a bango, soson ulun da ke bakinsa ya rine ja kamar an tsoma shi a miyar tumatir.

"Me ka goga da wannan?"

"Waccan jar motar, ta likita. Yau da safe."

Sabuwa ce dal, ko shekara ba ta yi ba. Sufeto ya zaro farin hankicinsa, ya ɗiga masa man gogewa, ya dirji ƙofar motar iya ƙarfinsa har kafaɗarsa ta amsa. Sannan ya ware hankicin a gaban hancin Gaspare. Fari fat.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Idon Gaspare ya zame da kansa zuwa tarin tsofaffin tayoyi da ke lungu, kofur ya bi idon, ya yaye tamfol.

Ga babur nan. Ɓangaren hagu yana ƙyalli a natse, ja mai zurfi, har mutum na ganin fuskarsa. Na dama kuwa duk zanen da'ira ne, kuma a bakin tankin inji ya cinye fentin har ƙarfe ya fito, faɗin kwabo.

Nan take bakin Gaspare ya buɗe. Wani mutumin Milano ne zai zo ɗauka ranar Juma'a, ya ce ba zai karɓi babur rabi a goge rabi a koɗe ba. Shi kuma ya ga abin da tsoho ya yi kwana uku yana yi, ai inji zai gama shi a minti goma sha biyar. Sauri ya haifi nawa.

Mastro Cataldo ya durƙusa, ya shafa gurbin da babban yatsa, a hankali. Da ya ɗago, ya dubi Gaspare.

"Ɓarawon da ka kira ni, na haɗiye. Amma inji a kan wannan fenti? Ko uwarka ba za ta yafe maka ba."

Kofur ya danna wa Gaspare ankwa. Daɗi ya cika Sufeto har ya kasa ɓoyewa, ya ce ba ta bayan gari za su koma ba, ta dandali za a bi, kuma kada motar ta wuce tsohon. Haka aka yi: Mastro Cataldo a gaba yana tura babur, ƙirji a waje, motar 'yan sanda na rarrafe a bayansa da Gaspare a ciki. Waɗanda ɗazu suka kalli ƙasa duk sun fito ƙofa, wanzami har da cire hula.

Donna Titina na tsaye a bakin shagon Mastro Cataldo. Ba ta ko dubi motar ba. Ta kama hannun tsohon da hannu biyu ta nemi gafara a gaban kowa, sannan ta tambaya ko Lahadi za ta yiwu.

Ya ce yana da ragowar jan fentin a wani gwangwani tun zamanin mijinta, amma aikin hannu huɗu ne. Ya juya ya cilla wa Sufeto tsumma.

"Tuɓe rigar nan, Oronzo. Gaba da baya. Ka kuskura ka zagaya sau ɗaya, ni ma ƙararka zan kai."