Bokitin Multe a Gaɓar Ternvika

Da safe wasu masu yawon dutse suka bugo waya ofishin 'yan sandan tsibirin, suka ce ga gawa a kan yashin Ternvika. Mota ba ta zuwa can. Sufeto Eirin Moksnes ta haura tudun da ƙafa, Saje Bjarte na biye da ita yana haki.

Mamacin Sindre ne, wani saurayi daga kudu da ke yi wa baƙi jagora. Yana kwance a gindin dutsen da hanya ta bi ta kansa.

"Zamewa ya yi," in ji Saje. "Duk shekara sai wani ya faɗo. Mu sa hannu, jirgin ruwan yamma ya kai shi wurin uwarsa."

Halin tsibirin nan ke nan: a ɗora wa dutse laifi, kowa ya koma shan kofinsa. Eirin ta san da zarar gawar ta shiga jirgi, magana ta mutu, uwar kuma ba za ta taɓa jin gaskiya ba.

Kusa da gawar akwai ƙaramin bokiti, a tsaye, a rufe. Ta buɗe. Cikinsa duk ruwan multe ne, 'ya'yan itacen nan masu ruwan ɗorawa da ke fitowa a fadamar kan dutse. Amma ko ƙwaya ɗaya babu, a yashi ma haka.

"Tsuntsaye suka cinye," in ji Saje.

"Suka ƙoshi, suka mayar da murfi? Lallai tsuntsayen garinku akwai tarbiyya."

A ƙauye ta shiga kantin Magnhild, wadda ba abin da ke wuce ta.

"Ina baƙo zai samu multe cike da bokiti?"

Magnhild ta rage murya. "Ke ma kin sani, ba mai nuna wa wani wurin da yake tsinko nasa. Uwa ma sai ta ga kabari ya matso take gaya wa 'yarta. To, Gunhild ce ta nuna masa nata. Gwiwa ta hana ta hawa bana, shi kuma yaron yakan ɗaukar mata kaya, ya tsaya su yi ta dariya a bakin ƙofa."

"Mijinta fa?"

"Oddvar? Tun aurensu bai san wurin ba. Shekaranjiya maza suka sa shi a tsakiya a bakin jirgi: wai baƙo ya ga abin da maigida bai gani ba. Ya jefar da igiya ya tafi."

Da suka isa gidan, Oddvar da kansa ya buɗe musu ƙofa, dattijo mai faɗin kafaɗa. Suka cire takalma suka shiga kicin.

"Yaushe rabonka da Ternvika?"

"Tun kafin ƙanƙara ta narke. Me zan je yi, yarinya? In kalli baƙi suna ɗaukar hoton tumaki?"

"Kun saba da Sindre?"

"Ni dai a'a. Tambayi uwar ɗakinsa."

Gunhild na tsaye da sanda, idanunta sun yi ja. "Ka ji kunya, tsoho. Yaron ko binne shi ba a yi ba." Ta juya ga Eirin. "Zauna, 'yata, ba a shan kofi haka tsura."

Ta buɗe firji don ta ɗauko madara, sai ta hango wani abu. Daga can baya ta jawo wani kwano da aka rufe da faranti. Cike yake da multe, har an barbaɗa sukari don kada su lalace.

"Oddvar, wannan fa?"

"Ni na tsinko."

"Kai? A ina?"

"Abin da sauƙi," in ji Eirin, tana miƙewa. "Sa takalminka ka kai mu wurin. Saje na son motsa jiki."

Oddvar bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Na tare shi a kan dutse yana dawowa," ya ce. "Na ce ya gaya min wurin kawai. Ya yi murmushi, wai ya yi wa Gunhild alkawari. Ni! Ni zai riƙe wa sirrin matata! Na ture shi."

"Sannan ka sauka?"

"Na sauka. Ya riga ya mutu. Murfin bokitin bai ma buɗe ba. Multen sun nuna sosai. Ba a barin multe ya ruɓe a rana. Na juye a kwanon abincina."

Saje ya ciro ankwa, ya kasa haɗa ido da Sufeto.

A bakin ƙofa Oddvar ya waiwayo.

"Me yake da shi da ba ni da shi, Gunhild? Don me shi?"

Ta dogara da sandarta.

"Shi ya tambaye ni, Oddvar. Kai duk shekarun nan zuciya kake yi, kana jira in roƙe ka ka biyo ni."

Saje ya kama gwiwar hannun Oddvar, suka gangara bakin jirgi, inda mazan da suka yi masa ba'a ke tsaye, kowa ya sunkuyar da kai kan igiyarsa.