Asulv Ɗaya Tak A Skarveli

Hantsi ya ɗaga lokacin da aka bugo wa Sufeto Eivind Moland waya cewa tsoho Asulv na gonar Skarveli ya faɗo daga benen ciyawa, wuyansa ya karye. Sufeto ya shanye kofinsa tukuna. A duk wannan kwari na ƙasar Norway babu mai ƙona bakinsa saboda Asulv.

Ya iske gawar a garken shanu, daidai ƙarƙashin ramin da ake zubo musu ciyawa. Ya hau benen. Murfin ramin yana jingine da bango, an kuma baza ciyawa a kan sirarran karare har bakin ramin ya ɓace. Idon tsohon ya daɗe da rauni, ƙafarsa ce take gane masa hanya kowace safiya. Wanda ya yi wannan aiki ya san haka.

A ɗakin zama, matar mamacin, Inna Targjerd, tana fere dankali, idonta a bushe. Sama da kanta wata fatar maraƙi ce a cikin gilashi, wadda aka rubuta iyakar gonar a kanta shekara ɗari shida da suka wuce. Sunan mai gonar na farko yana jiki: Asulv. Wani masani daga birni ya taɓa cewa magatakardan dā sun rubuta sunan iri uku a fata ɗaya, tsohon ya kore shi da sanda.

Tun daga wancan kaka, suna biyu ke juyawa a gidan, Asulv ya haifi Torgrim, Torgrim ya haifi Asulv. Jikan fari sunan kakansa yake ci, gonar kuma ta bi sunan. Sai dai mutanen kwarin ba sa raɗa wa jariri sunan mai rai. Sun yarda jaririn zai zuƙe sauran kwanan tsohon.

Daga ɗakin ciki wani kuka yake fitowa, siriri kamar na ɗan mage.

Sufeto ya fara da babban ɗa, Torgrim.

"Ina kake da safe?"

"Daji, yallaɓai. Saran itace."

Sufeto ya dubi takalmansa a bakin ƙofa. A bushe suke ƙarau, alhali dajin duk taɓo ne.

"Wancan mai kukan ɗanka ne? Ya sunansa?"

Torgrim ya sunkuyar da kai. "Bai samu ba tukuna. Baba ya ce Asulv ɗaya ake yi a gida ɗaya. Ya ce in na sa masa wani suna dabam kuwa, na fitar da shi daga gadon Skarveli da hannuna."

"Sai ka zaɓi gona."

"Na zaɓi jira, yallaɓai."

"Wata biyu yaro ba suna? Da me kuke kiransa?"

"Baba yana ce masa abin nan."

Sufeto ya ji yana so ya kwaɗa masa mari, amma ya daure, ya sa aka kira ƙanensa Bjug, wanda ya tsinci gawar. Bjug ya shigo yana matsar ido, ko ɗigo bai fito ba.

"Uba irin namu ba a samu, yallaɓai."

"Rage murya, ba a coci muke ba. An ce jiya kun yi cacar baki. Kai ka buɗe ramin?"

Nan take kukan ya ɗauke. "Ni? Ni da nake sayo masa man kifi don ya ƙara kwana? Ka dubi matata Anlaug, cikinta ya tsufa. Wancan abin na ɗaki ba zai kai bazara ba, kowa ya sani. In Baba ya rayu har abin nan ya riga shi mutuwa, nawa ne jikan fari. Mutuwar nan ni aka cuta!"

Gaskiya ya faɗa, kuma Sufeto bai taɓa jin gaskiya mai ɗoyi irin wannan ba.

Ya tura ƙofar ɗakin ciki. Gyro, matar Torgrim, tana zaune a bakin gado, ta rame ta yi fayau, tana jijjiga jariri mai numfashi sama-sama. A kan kujera akwai kwanon azurfa da sauran ruwa a ciki. Ba ta ji shigowarsa ba.

"Yi shiru, Asulv," take raɗawa. "Yi shiru, ɗan Asulv ɗina."

"Mijinki ya ce ba shi da suna."

Ta rungume yaron. Sufeto ya taɓa ruwan kwanon da yatsa, ya fita.

Ungozomar kwarin tana tsallaken gada. Idan jariri ya jigata, fasto kuma yana nesa, ita ke yi masa baftisma a gida. Can Sufeto ya same ta.

"Sun kira ni da sassafe," ta ce. "Yaron ya shiɗe. Na ce a ba ni suna in zuba ruwa, kada ya tafi haka."

"Uban yana ina?"

"A tsaye kamar turmi. Uwar tana roƙonsa, kowane suna, ko na karen gidan ne. Ya ce a jira."

"To wa ya ba da sunan?"

Ungozoma ta murza bakin zanenta. "Inna Targjerd. Ta shigo daga waje, ta ce Asulv. Na ce, Inna, mai sunan fa yana raye! Ta ce, zuba ruwa, Birgit."

"An riga an ga gawar?"

"Ina! Sai da na gama, na haye gada, sannan na jiyo ihun Bjug."

Sufeto ya koma Skarveli a hankali, ba ya son isa. Tsohuwar ta gama firar dankali, ta ɗora tukunya.

"Inna, ke 'yar kwarin nan ce. Za ki sa wa jariri sunan mai rai?"

"Har abada."

"Amma kin sa, tun kafin kowa ya san ya mutu."

Ta goge hannunta. Akwai tsinken ciyawa maƙale a gefen siket ɗinta, ta cire shi ta ajiye a kan tebur gabansa.

"Torgrim ba shi ne ɗana na fari ba," ta ce. "Na haifi wani lokacin da surukina yake raye. Asulv ya ce a jira. Muka jira har yaron ya mutu ba suna. Shi ya ɗauke shi a akwatin kifi, ya binne a bayan katangar coci, ba addu'a, ba dutse. Shekara arba'in ina so in kira ɗana, ba ni da abin da zan kira shi da shi. Yau da safe na ce masa jikanka zai mutu. Ya ce, abin nan ya mutu mana, ai wani yana tafe."

"Sai kika buɗe ramin."

"Na tsaya har na ji ƙarar faɗuwarsa. Na leƙa na tabbatar, don kada in yi wa yaron ganganci."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya riƙe mata mayafinta ta yafa, ya kama gwiwar hannunta suka nufi mota.

Sun kai tsakar gida ke nan sai ihun Gyro ya tsaga gidan. Kukan jaririn ya ɗauke.

Tsohuwar ta tsaya cak, ta rufe ido. "Ya tafi da sunansa," ta ce. "A sara masa shi a dutse."

A bakin ƙofa Anlaug tana tsaye, hannunta a kan cikinta. Ta juya wajen mijinta, ko murya ba ta rage ba.

"Bjug, sunan ya sake zama ba mai shi ke nan, ko?"