Lungun da Ba Ya Cikin Taswira

Saura kwana biyu Abdulmalik, ɗalibin kimiyyar kwamfuta, ya miƙa aikinsa na ajin ƙarshe, wato manhajar da ke nuna kowane lungu na unguwar Soron Ɗinki. Da ƙafarsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ran nan yana dawowa daga sallar isha'i, sai ga wani siririn lungu a bayan gidansu wanda bai taɓa gani ba. Ya buɗe manhajar ya kutsa ciki, ko bisimilla bai yi ba.

Duk kwanar da ya sha, gaban ƙofa ɗaya take ɓullo da shi, inda wani tsoho ke zaune a kan buzu. Ƙarar janaretocin unguwa ta ɗauke ɗif.

"Baba, ina hanyar fita?"

"Kai ne mai rubuta lunguna?" Muryar tsohon kamar daga cikin rijiya take fitowa. "Shekara ɗari uku ba wanda ya san da namu. Ka rubuta shi?"

"Baba, manhajar ce take adanawa da kanta."

"To, zauna."

Tsohon ya matsa masa wuri a kan buzun. Da tsohon ya janyo ƙafarsa, sai kofato ya kankari ƙasa.